CIWON ƘIRJI NA ZUCIYA: YADDA MAI SHI ZAI MOTSA JIKI BA TARE DA HAƊARI BA

Akwai wani irin ciwon ƙirji da kan kama mutum yana cikin tafiya ko yana cikin aiki. Da ya tsaya ya huta, sai ciwon ya sake shi. Da ya koma aikin da ƙarfi, sai ya dawo. Likitoci suna kiran wannan ciwo anjaina. Daga zuciya yake tasowa. Ya fi kama waɗanda suka fara manyanta, maza da mata, a birni da ƙauye.

Idan likita ya gaya wa mutum yana da wannan ciwo, yawanci ɗayan abu biyu ke faruwa. Wani sai tsoro ya kama shi, ya shimfiɗa tabarma a zaure, ko ƙofar gida ba ya son fita. Iyalinsa ma su hana shi ɗaga ko da tsinke. Wani kuma sai ya ce shi namiji ne, ya cije, ya ci gaba da huɗa har ciwon ya kayar da shi. Duka biyun kuskure ne. Zuciya mai wannan ciwo tana bukatar aiki, amma aiki mai ma'auni. Wanda ya san ma'auninsa zai iya shekaru masu yawa yana harkokinsa, da yardar Allah.

MENE NE ANJAINA?

Zuciya tsoka ce. Girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita. Aikinta shi ne harba jini zuwa ko'ina a jiki. Idan mutum yana zaune, takan harba sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. A kwana ɗaya, dare da rana, takan harba wajen sau 100,000. A kowane minti tana tura jini kusan lita 5, wato fiye da galan ɗaya.

Ita ma zuciya tana bukatar nata jinin. Jini shi ke kai mata abinci da iska mai kyau da huhu ya shaƙo. Akwai wasu jijiyoyi a jikin zuciyar da ke wannan aiki. Manyansu biyu ne, ta dama da ta hagu, kowace da rassanta. Kaurinsu bai wuce na bututun tawada na cikin biro ba sosai.

Da tafiyar shekaru, kitse kan taru a bangon waɗannan jijiyoyi ta ciki, hanyar jini ta tsuke. Abubuwan da ke hanzarta haka su ne hawan jini, ciwon sukari, shan taba, ƙiba, yawan kitse a jini, yawan zama, da kuma gado.

Duk mai noman rani ya san injin ban ruwa. Injin yana tura ruwa zuwa lambu, amma shi ma sai ya sha mai ta wani siririn tiyo. Idan datti ya taru a tiyon, injin zai iya tashi ya yi aiki a hankali. Da an ƙara masa wuta, man da ke shiga ba zai ishe shi ba, sai ya fara shaƙewa. To, haka zuciya take. A zaune, ɗan jinin da ke ratsa tsukakkiyar jijiya yana isar ta. Da mutum ya fara hawa tudu, bukatarta ta ƙaru, jinin ya kasa. Ciwon da ake ji a ƙirji kukan zuciya ne, tana neman a sassauta mata.

YADDA AKE GANE SHI

Masu wannan ciwo sukan ji kamar an ɗora musu dutse a tsakiyar ƙirji, ko kamar an ɗaure ƙirjin da igiya ana ja. Wani lokaci nauyin kan bi kafaɗa ya sauka hannun hagu, ko ya hau wuya da muƙamuƙi, ko ya ratsa zuwa baya. Aiki ke tayar da shi, ko sanyi, ko cika ciki, ko ɓacin rai. Hutu na 'yan mintoci kan kwantar da shi.

Mata, da tsofaffi, da masu ciwon sukari, wani lokaci ba sa jin nauyin ƙirjin sosai. Abin da sukan ji shi ne haki, ko kasala mai tsanani, ko tashin zuciya idan suna aiki.

Ba kowane ciwon ƙirji ne anjaina ba. Ƙwannafi, gyambon ciki, ciwon haƙarƙari da tarin fuka duk suna sa ƙirji ciwo. Don haka kada mutum ya yanke wa kansa hukunci, kada kuma ya bar mai kamis ya yanke masa. Likita ne zai tantance.

ME YA SA KWANCIYA BA MAGANI BA CE?

Likitan da ya fara bayyana wannan ciwo dalla-dalla wani Bature ne ɗan ƙasar Ingila, mai suna Wiliyam Hebadin, a shekarar 1768. A cikin rubuce-rubucensa ya ambaci wani mai ciwon da ya ɗora wa kansa yanka katako da zarto na rabin awa kowace rana, har ya kusa rabuwa da ciwon. Abin lura a nan shi ne, aikin na rabin awa ne kawai, kuma kullum ake yin sa.

A shekarar 1953 wani likita mai suna Jeremi Moris ya fitar da sakamakon binciken da ya yi a kan ma'aikatan motocin bas masu bene na birnin Landan. Direbobi a zaune suke wuni. Kwandastoci kuwa hawa da sauka suke wuni suna karɓar kuɗin mota. Sai aka ga babban ciwon zuciya ya fi kama direbobin, ya fi kuma kashe su.

A shekarar 1966, a garin Dalas na Amurka, an kwantar da samari biyar lafiyayyu a gado har mako uku don a ga abin da kwanciya ke yi wa jiki. Da suka tashi, ƙarfin zuciyarsu da huhunsu ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30 aka sake auna su. Sai aka ga kwanciyar mako ukun nan ta fi shekara 30 ɗin raunana su.

Ga abin da motsa jiki kullum ke yi wa mai anjaina:

1. Tsokokin ƙafa da na hannu sukan koyi amfani da iskar da ke cikin jini da kyau. Saboda haka zuciya ba sai ta yi gudu sosai ba kafin ta biya musu bukata.
2. Hawan jini kan sauka, sukarin jini kan daidaita, ƙiba kan ragu.
3. Jijiyoyin jini sukan ƙara laushi, su riƙa buɗewa idan an bukata.
4. Barci kan yi daɗi, fargaba ta ragu.

Amfanin da mutum zai gani da idonsa shi ne, tafiyar da a da take tayar masa da ciwo, bayan 'yan watanni zai iya yin ta lafiya. Sai dai motsa jiki ba ya wanke kitsen da ya riga ya taru a jijiya. Ba ya kuma maye gurbin magani. Tare suke tafiya.

A FARA DA GANIN LIKITA

Kafin mai anjaina ya fara kowane irin motsa jiki, ya je asibiti. Za a auna jininsa, a duba sukari, a duba ko yana da ƙarancin jini, domin ƙarancin jini yana ƙara wa zuciya wahala. Akwai kuma wani awo da ake manna wayoyi a ƙirji, na'ura ta zana yadda zuciya ke harbawa a takarda. Ba ya ciwo, ba ya daɗewa. Idan ƙaramin asibiti ba shi da na'urar, za a tura mutum babban asibiti. Asibitocin koyarwa, irin su na Aminu Kano da ke Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri, suna da likitocin zuciya.

Ya kamata mutum ya gaya wa likita ainihin irin aikin da yake yi. Idan manomi ne, ya ce yana huɗa da garma. Idan mace ce, ta ce tana daka da jan ruwa. Sannan a tambayi likita abu uku: wane aiki za a ci gaba da shi, wanne za a rage, wanne za a bari.

Wannan shawara ta motsa jiki ta shafi wanda ciwonsa ya tsaya a hali ɗaya ne kawai. Wato ya san irin aikin da ke tayar da shi, ya san hutu na kwantar da shi, kuma abin bai canja ba cikin watannin baya. Wanda ciwonsa sabo ne, ko yake ƙaruwa, asibiti ya kamata ya nufa.

TAFIYA A ƘAFA ITA CE KAN GABA

Babu motsa jikin da ya fi dacewa da mai anjaina kamar tafiya a ƙafa a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Ba ta bukatar kuɗi. Mutum ne ke riƙe da linzaminta: ya ƙara sauri, ya rage, ya tsaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako. Wato minti 30 a rana, kwana biyar a mako. Amma mai anjaina ba da minti 30 zai fara ba. Ga misalin yadda ake hawa mataki-mataki, idan likita ya amince:

Mako na 1: minti 5 zuwa 10, sau biyu a rana.
Mako na 2: minti 10 zuwa 15, sau biyu a rana.
Mako na 3: minti 15 zuwa 20, sau ɗaya a rana.
Mako na 4: minti 20 zuwa 25.
Mako na 5 da na 6: minti 25 zuwa 30.

Idan wani mataki ya yi wa mutum nauyi, ya koma na baya ya ƙara mako guda a kai. Sannu ba ta hana zuwa. Idan kuma rashin lafiya ko wani uzuri ya sa ya yi kwanaki bai fita ba, kada ya ɗora daga inda ya tsaya. Ya koma baya kaɗan.

Kowace fita tana da kashi uku. Kashi na farko shi ne ɗumama jiki: a fara da tafiyar sannu-sannu, kamar ta mai rakiyar tsoho. Wanda ya kai matakin minti 30 ya ba wannan kashi minti 10. Wannan yana ba jijiyoyin zuciya damar buɗewa kafin aiki ya yi nauyi. Kashi na biyu shi ne tafiya da ɗan kuzari. Kashi na uku shi ne rage sauri kaɗan-kaɗan har numfashi ya dawo daidai. Tsayawa cak bayan sauri kan jawo jiri.

A zaɓi hanyar da jama'a ke bi, mai inuwa da wurin zama. A makonnin farko a riƙa zagaya kusa da gida, domin wanda ya yi nisa sai ya dawo da ƙafarsa. A guji rairayi mai zurfi da tudu, domin suna ninka aikin zuciya. Zuwa masallaci ko makarantar yaƙi da jahilci a ƙafa duk yana cikin lissafi, in dai an fito da wuri ba a yi gaggawa ba. Hawa keke a hanya marar tudu, ba tare da kaya ba, shi ma yana da kyau.

MA'AUNIN DA BA YA BUKATAR NA'URA

Yaya mutum zai san ya kai iyakarsa? Bakinsa ne ma'auni. Idan yana tafiya, jikinsa ya ɗumama, numfashinsa ya ɗan ƙaru, amma yana iya hira da abokin tafiyarsa, yana amsa gaisuwa cikakkiya, to yana daidai. Idan magana ta fara yankewa, sai ya ja numfashi tsakanin kalma da kalma, to ya wuce gona da iri. Ya rage.

Ƙa'ida ta biyu: a tsaya a ƙasa da inda ciwo ke farawa. Idan mutum ya san saurin da ke tayar masa da nauyin ƙirji, ya riƙa tafiya ƙasa da wannan saurin. Ba a gasa da ciwon zuciya, ba a kuma cije masa.

Wasu magungunan zuciya, irin su atinolol, suna rage saurin harbawar zuciya da gangan. Mai shan su ba zai ji zuciyarsa na gudu ba ko da ya gaji. Don haka ya dogara da ma'aunin magana da yadda ƙirjinsa ke ji.

AIKIN GONA DA AIKIN GIDA

Mutumin karkara zai ce ai shi kullum cikin aiki yake. Gaskiya ne. Amma aiki iri biyu ne a wajen zuciya.

Akwai aikin da ake yi a hankali, jiki na motsi, numfashi na tafiya daidai. Misali shuka, cirar ciyawa da hannu, tsinkar wake, zagaya gona, kiwon awaki kusa da gari, shara, ɓarar gyaɗa, da shiƙa. Irin wannan yana da amfani.

Akwai kuma aikin yunƙuri, wanda mutum ke riƙe numfashi ya tattara ƙarfinsa wuri ɗaya. Misali ɗaga buhun hatsi, faskare da gatari, huɗa da garmar hannu, haƙar rami, jifan tubali, tura mota ko kura, jan guga daga rijiya mai zurfi, ɗora tulu ko jarka a ka, dakan surfe, da tuƙin tuwon taro. Irin wannan aiki yana sa jini ya hau nan take. Aikin da ake yi da hannuwa, musamman a sama da kai, ya fi aikin ƙafa wahalar da zuciya.

Wanda ba shi da makawa sai ya yi wani abu daga ciki, ga dabarun sauƙaƙawa:

1. A raba kaya. Maimakon buhu guda, a kwashe shi a kwano ko ƙaramin buhu sau da yawa.
2. A yi amfani da ƙaramin guga, a cika tulu rabi.
3. A fitar da numfashi lokacin ɗaga abu. Kada a riƙe shi.
4. A yi aiki kaɗan, a huta, a koma. Kunya ɗaya, sai hutu.
5. A bar wa jaki, amalanke, shanun huɗa da injin niƙa aikin da za su iya.
6. A ranar gayya, mai anjaina ya ɗauki aikin rabon iri ko kula da abinci. Kiɗa da kirari kan sa mutum ya manta iyakarsa.

Ƙwayoyin da wasu ke sha don su jure aikin gona, irin su tiramol, haɗari ne babba ga mai wannan ciwo. Suna dushe ciwon da ke gargaɗinsa, ya ci gaba da aiki alhali zuciyarsa na galabaita.

A LURA DA LOKACI

Bayan cin abinci: idan ciki ya cika, jini mai yawa kan koma wajen hanji. A bari awa ɗaya zuwa biyu ta wuce bayan cin tuwo kafin a fita tafiya ko a kama aiki.

Lokacin hunturu: sanyi yana tsuke jijiyoyin jini, yana kuma ɗaga jini. Asubahin ɗari da iska mai kaɗawa sukan tayar da ciwon da wuri. A jira hantsi ya ɗaga. A sa rigar sanyi, a rufe ƙirji, a naɗa rawani ko mayafi a hanci da baki. A yi wanka da ruwan ɗumi.

Lokacin bazara: zafi yana sa zuciya ƙara gudu, gumi kuma yana rage ruwan jiki. A fita da sassafe ko bayan la'asar sakaliya. A tafi da ruwan sha. Wanda ƙafafunsa ke kumbura ya tambayi likita yawan ruwan da zai sha.

Watan azumi: a ga likita tun kafin watan ya kama, domin ya duba ko mutum zai iya, ya kuma gyara masa lokutan shan magani. Addini ya yi wa marar lafiya rangwame. Mai azumi ya mai da tafiyarsa bayan buɗa baki, idan abinci ya faɗa.

Aikin Hajji da Umara: sa'ayi kaɗai, tsakanin Safa da Marwa sau bakwai, ya kai wajen kilomita 3, ban da ɗawafi da zuwa jifa, ga zafi ga cunkoso. Mai niyya ya gaya wa likita tun da wuri, ya fara sabawa da tafiya watanni kafin tashi. Akwai kekunan tura marasa ƙarfi a Harami.

IDAN CIWO YA TASO ANA CIKIN TAFIYA

Akwai maganin da likita kan ba mai anjaina ya riƙa yawo da shi. Sunansa naitirogilisarin. A jikin kwalbar akan ga haruffa uku: GTN. Tun shekarar 1879 ake amfani da shi don wannan ciwo. Ƙaramar ƙwaya ce da ake sa wa a ƙarƙashin harshe ta narke, ko kuma na fesawa. Yana buɗe jijiyoyin jini cikin minti ɗaya zuwa uku. Ga yadda ake yi:

1. A tsaya nan take, a zauna.
2. A sa ƙwaya ɗaya a ƙarƙashin harshe. Ba a haɗiye ta.
3. A jira minti 5.
4. Idan ciwon bai tafi ba, a sa ta biyu, a kuma aika a nemo mota tun a lokacin.
5. Idan bayan wani minti 5 ciwon yana nan, a tafi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Maganin kan sa ciwon kai ko jiri na ɗan lokaci, shi ya sa ake shan sa a zaune. A bar ƙwayoyin cikin kwalbarsu ta asali, a rufe da kyau, a kiyaye su daga rana. Kada a juye su a leda ko takarda, domin ƙarfinsu kan fita. A tambayi mai ba da magani tsawon lokacin da za su yi bayan an buɗe kwalbar. Wani lokaci likita kan ce a sa ƙwaya ɗaya kafin a fara aikin da aka san yana tayar da ciwo.

Gargaɗi ga maza: maganin ƙarfin maza irin su Viagra ba ya haɗuwa da GTN ko danginsa. Haɗa su kan faɗar da jini ƙasa warwas, har ya kai ga rasa rai. Wasu haɗe-haɗen da ake tallarsu a kasuwa da sunan maganin gargajiya ma akan zuba musu irin wannan sinadari a ɓoye. Game da kwanciyar aure kuwa, yawancin masu ciwon da ya tsaya a hali ɗaya suna iyawa lafiya. A tambayi likita, babu kunya a neman lafiya.

ALAMOMIN HAƊARI

Akwai ranakun da ba a fita motsa jiki: ranar da ake zazzaɓi, ko gudawa, ko mura mai tsanani, ko aka tashi da kasala da ba a saba ji ba.

Akwai kuma alamomin da ke nuna ciwon ya canja hali. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikinsu ya dakatar da motsa jiki, ya je asibiti a ranar:

1. Ciwo yana zuwa a zaune, ko yana tayar da mutum daga barci.
2. Yana zuwa sau da yawa fiye da da.
3. Ɗan aikin da a da ba ya tayar da shi, yanzu yana tayarwa.
4. Yana daɗewa, ko ƙwayar ƙarƙashin harshe ta daina kwantar da shi da wuri.
5. Jiri, suma, ko zuciya na harbawa ba bisa tsari ba.

Idan kuwa nauyin ƙirji ya wuce minti 15, ga gumi mai sanyi, ga haki ko amai, to mai yiwuwa jijiyar ta toshe gaba ɗaya. Wannan shi ne abin da jama'a ke cewa zuciya ta buga. Kowane minti da ya wuce, wani sashe na tsokar zuciya yana mutuwa. A zaunar da mutum a jingine. A ba shi asfirin mai miligiram 300 ya tauna, sai fa idan jikinsa ba ya karɓar asfirin, ko yana da gyambon ciki mai zubar jini, ko likita ya hana shi. Kada ya taka da ƙafarsa, kada ya tuƙa babur da kansa. Kada a tsaya jiƙa magani ko jiran gari ya waye. A yi addu'a a hanya.

Saboda haka kowane gida mai irin wannan marar lafiya ya ajiye lambar wayar mai mota guda biyu, da ɗan kuɗin mota a gefe. A kuma san asibitin da za a nufa tun kafin ranar ta zo.

GA INDA KARATU ZAI YI RANA

Wanda ya koyi rubutu yana da babban makami. Ya samu littafi ɗan ƙarami. Kowace rana ya rubuta kwanan wata, da mintin da ya yi yana tafiya, da ko ciwo ya taso, da abin da yake yi lokacin da ya taso, da yawan ƙwayar da ya sa. Layi ɗaya ya isa. Misali: "Talata. Minti 15. Ba ciwo." Ranar komawa asibiti ya tafi da littafin. Likita zai ga ko ana samun sauƙi ko ciwon na ƙaruwa, abin da baki ba zai iya tunawa ba. Wanda hannunsa bai nuna ba tukuna, ɗansa ko abokin karatunsa ya rubuta masa.

Haka kuma ya rubuta sunansa, da sunan ciwonsa, da magungunan da yake sha, da lambar wayar wani nasa a 'yar takarda, ya riƙa sa ta a aljihu tare da kwalbar maganinsa. Mai ciwon sukari da ke shan magani ya ƙara da dabino biyu ko uku, domin tafiya kan saukar da sukari.

ABUBUWAN DA KE TAIMAKA WA TAFIYAR

A sha magani kullum yadda likita ya ce, ko da an ji sauƙi. A bar taba gaba ɗaya, domin tana tsuke jijiyoyi, tana rage iskar da jini ke ɗauka. A rage gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce giram 5 a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen ɗanɗanon miya yana cikin lissafin. A rage kitse da soye-soye. A yawaita wake, zogale, rama, alayyafo, kuɓewa da 'ya'yan itatuwa.

Iyali su ma suna da nasu aikin. Su karɓi aikin yunƙuri, su bar wa marar lafiya mai sauƙi. Wani ya riƙa raka shi tafiya, ya san inda kwalbar maganinsa take. Idan mace ce, maigida da 'ya'ya su sauke mata daka da ɗaukar ruwa, su ba ta damar zagayawa ko da a tsakar gida ne. Idan aka ga dattijo ya tsaya a hanya ya dafe ƙirji, kada a ce masa ya daure. A samo masa wurin zama, a tambaye shi ina maganinsa.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya ƙara wa masu ita. Wanda ya karanta wannan bayani ya karanta wa wanda bai iya ba.